Gatarin Baba Norman

Ranar Lahadin da ta wuce wasu 'yan mata biyu daga cikin ɗaliban da ke hawa na tara a gininmu na unguwar Sri Petaling a Kuala Lumpur suka sauko karɓar aikin da na buga musu. Ɗayar ta tsaya a bayana tana kallon yatsuna, can ta ce, "Anti Rakiya, wannan sana'ar taki ai hutu ce. Kina zaune fanka tana kaɗa ki. Yanzu ma waya kina yi mata magana tana rubutawa." Na miƙa mata takardunta na ce ta gaida mutanen ɗaki. Amma maganar ta tsaya mini, shi ya sa na ce bari in zauna in ba ku labari, ita da ire-irenta.

Shekarata talatin da ɗoriya ina buga rubutu. A Zariya na koya, a wani ɗan shago, a hannun Madam Laraba, tsohuwar sakatariya da ta yi ritaya daga wata ma'aikata a Kaduna. Tafireta ce ta ƙarfe, wadda in za a gusa da ita sai mutum biyu sun kama. Madam takan rufe mini hannuwa da ƙyallen atamfa don kada in leƙi haruffa. In na yi kuskure ɗaya a shafi, ba ta ce komai, sai ta zare takardar da kabon ɗinta duka ta yaga a gabana, ta sa mini sabuwa. Wata huɗu na yi kafin ta yarda in taɓa aikin kwastoma. Dokarta guda ce, kullum sai ta maimaita: "Rakiya, ke ba marubuciya ba ce. Ke kunne ce da yatsu. Abin da aka faɗa shi za ki buga. In mutum ya ce akuyarsa ta ci jarrabawa, ki buga masa, ki sa alamar tambaya da fensir a gefe."

Da maigidana, Dakta Sabo, ya samu aikin koyarwa a nan Kuala Lumpur, na tattaro yara da tukwane da yatsuna muka taho. Tafireta ta zama tarihi, amma aikin bai mutu ba. Ɗalibai masu digiri na biyu da na uku suna zuwa su yi hira da mutane don bincikensu, su naɗi murya, sai a nemi wanda zai mayar da maganar rubutu. Kayan aikina ga su nan: kwamfuta, abin kunne babba mai rufe kunnuwa duka, ƙamus biyu, da feda a ƙarƙashin tebur kamar ta keken ɗinki. In na taka, magana ta tafi. In na ɗaga ƙafa, ta tsaya. In na taka gefe, ta koma baya kaɗan. Magana ta minti goma takan ci mini awa guda, in mai maganar yana da tausayi ke nan. Akwai wani ɗalibi ɗan Gombe da ya je ya yi hirarsa a shagon mamak, inda ake cin abinci, ya ajiye wayar tsakanin farantai a ƙarƙashin fanka. Awa biyu ina sauraron cokula da mai kiran shayi, daga nesa kuma wani farfesa yana bayanin tattalin arziki kamar daga cikin rijiya. Na buga shi. Sai da na yi kwana uku kunnena yana ƙara.

Sai shekarar korona ta zo. Aka kulle gari, aka rufe jami'o'i, ba mai zuwa hira da kowa. Doka ta ce maigida kaɗai zai fita cefane, sai ga Dakta, mutumin da bai taɓa sanin inda ake sayar da gishiri ba, yana kira na ta bidiyo daga kanti, takunkumi a fuska, ya ɗaga wata ciyawa yana cewa, "Maman Hafsa, wannan ce albasa mai lawashi?" Abin da ya rage mana na nishaɗi ke nan. Fedata ta yi wata biyu tana tara ƙura.

Wata safiya Mista Raju ya kira ni. Ba'indiye ne mai shagon ɗinke littattafai a Brickfields, shi ke yi wa ayyukan da na buga bango. Ya ce yana da maƙwabci, wani tsohon Bature ɗan Ingila, Mista Norman, da ke zaune shi kaɗai a saman wani kantin yadi. Tuntuni ya zo ƙasar yin kiɗa a otal, ya yi aure, matar ta rasu, ya ƙi komawa. Likita ya hana shi ko leƙa ƙofa saboda ƙirjinsa. Zaman ya ishe shi, ya ce zai ba da labarin ƙuruciyarsa da yadda ya fara kaɗa jita, irin kiɗan nan nasu mai ƙara da gashi buzu-buzu. Yatsunsa sun yi tauri ba ya iya bugawa, yana neman mai buga masa.

Na sami Dakta da maganar. Ya sauke tabarau ya ce, "Makaɗi?"

Na ce, "Labarinsa zan buga, Abban Hafsa, ba rawa zan taka ba."

Ya dubi fedar, ya dube ni, ya ce, "To, boleh," wato ya yarda ke nan a yaren Malay.

Saƙon murya na farko ya iso, minti ashirin. Ni da na buga Turancin Malay, na Sinawa, na Larabawa, na mutanen Enugu, na ɗauka Turancin Bature zai zo mini kamar ruwan sanyi. Na taka feda, na ɗaga, na sake takawa. Wallahi na zaci wani yare ne. Mutumin nan ɗan arewacin Ingila ne, rabin kowace kalma haɗiye ta yake yi, ragowar rabin ya fitar ta hanci. Ashe su ma suna da nasu mutanen karkara. Kuma tunda kun ce waya tana iyawa, na gwada ta. Na sa mata muryarsa, ta rubuto mini cewa an haife shi a cikin kifi ranar taron majalisa. Na kashe ta, na gyara zama. Sati guda na yi ina jin minti ashirin ɗin nan har kunnena ya gane inda yake ɓoye haruffansa. Daga nan hanya ta buɗe, na fara kiransa Baba Norman.

An haife shi jim kaɗan bayan babban yaƙinsu, a wani garin masana'antu mai hayaƙi a bakin kogi. Babansa direban bas ne, amma ransa yana wurin tattabarunsa na tsere da yake kiwo a bayan gida. Su biyu ne maza, shi da yayansa Stanley, wanda ya girme shi da shekara biyu, ya kuma fi shi tsawo nesa ba kusa ba. Yana ɗan shekara goma sha biyu ya ga wata tsohuwar jita mai tsirkiya huɗu a hannun wani matuƙin jirgin ruwa. Ba shi da ko kwabo. Sai ya shiga akurkin babansa ya ɗauko tattabarar da ta fi kowace gudu, ya kai wa mutumin, aka yi musaya. Abin da bai yi tunani ba, tattabarar tsere gida take komawa. Kafin ya iso da jitar, tana kan rufin tana jiransa. Mutumin ya biyo sawu, Norman ya sake kama ta ya miƙa masa a ɓoye, ta sake dawowa. A karo na uku baban ne ya buɗe ƙofa. Ya ce dukan da ya sha ran nan shi ne kiɗan farko da aka yi a gidansu. Amma jitar ta zauna, don baban ya ce ba za a ce gidansa an fasa ciniki ba, ya ba matuƙin wata gurguwar tattabara da ba ta iya tashi.

A masai na bayan gida yake koyo, don nan ne kaɗai ba a korarsa, kuma wai muryar jita tana daɗi a ciki. Wata shida yana fama da waƙa ɗaya. Ran nan Stanley ya ƙwanƙwasa yana so ya shiga, ya karɓi jitar don ya riƙe masa, ya ɗan taɓa ta yana jira. Cikin sati guda Stanley ya kaɗa waƙar daga farko har ƙarshe. Daga baya shi ya riƙa koya wa Norman inda zai sa yatsu.

A saƙo na shida ne na kusa kiran 'yan sanda. Ina bugawa sai na ji ya ce, "Ina da shekara goma sha biyar na ɗauki gatarina na hau bas zuwa zauren rawa." Na mayar baya, na sake ji. Gatari ya ce. Na buga, na sa alamar tambaya. Can gaba ya ce, "Stanley ma ya sayi nasa gatarin, ja, mai kaifi. Muka hau, muka kashe su duka. Mutum ɗari biyu, ba wanda ya tsira." Yana faɗa yana dariya.

Na cire abin kunne na je na tsaya a kan Dakta. Na ce, "Abban Hafsa, ina jin tsohon nan ba gudun sanyi ya kawo shi ƙasar nan ba."

Ya karanta shafin sau biyu. Ya ce, "Innalillahi. Kuma kin ce Raju ne ya haɗa ku?"

Ran nan na fara kiran Baba Norman a waya, da ma saƙo kawai muke yi. Na gaishe shi da ladabi, na ce ina da tambaya kan shafi na talatin da ɗaya, mutanen nan ɗari biyu, an yi shari'a kuwa? Sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, na ji yana lalube yana neman ruwa. Ashe su makaɗa a bakinsu gatari suke kiran jita, in kuma sun burge taro sai su ce sun kashe su. Ya ce, "Hajiya, shekara ashirin ban yi dariya irin wannan ba. Kada ki goge alamar tambayar, ki bar mini ita."

To kun ga, waya ba za ta tsorata ba, amma kuma ba za ta tambaya ba.

Daga nan labari ya yi ta zuwa, kusan kullum. Yadda suka haɗa ƙungiya su huɗu, da wani yaron mahauci mai ganga da wani ɗan limamin coci mai waƙa. Yadda Stanley ya farke rediyon mamarsu ya mayar da ita lasifika, ran wasansu na farko a wani bikin aure suna tsakiyar waƙar amarya sai lasifikar ta tuna asalinta ta fara karanto sakamakon ƙwallo, maza suka bar rawa suka taru a gabanta. Yadda ba su da mota sai ta raba madara da kawun mai gangar yake ba su aro, wadda mai keke yake wuce ta, har wata rana suka isa wani gari an riga an share zauren ana jera kujeru.

Matsalata da shi ɗaya ce. In yana bayani ya ga magana ba ta isa ba, sai ya jawo jitar ya nuna. Ta yaya ake buga wannan? Na ƙirƙiro tawa hanyar, in rubuta: a nan ya kaɗa, minti huɗu. Wata ranar Talata Dakta yana falo yana ba ɗalibansa darasi ta intanet kan hukuncin ciniki a Musulunci, ni ina gefe da aikina. Na sunkuya in ɗauki biro, gwiwar hannuna ta fizge igiyar abin kunne daga jikin kwamfuta, daidai inda Baba Norman ya ce bari ya nuna mini yadda ake sa jita ta yi kuka. Gidan nan ya ɗauka kamar an taka wutsiyar kyanwa goma. Ƙafata kuma ta daskare a kan feda. Dakta bai juyo ba. Ya jira na kashe, ya gyara hula, ya ce wa ɗaliban, "Maƙwabta ne. Allah ya shirye su." Wani ɗalibi ya ce, "Dakta, maƙwabcin nan ya iya fa."

Yanzu zan faɗi laifina, don ba na son ku ɗauka ni ban taɓa karya doka ba. Bakin Baba Norman ba shi da linzami. A kowace jimla sai ya jefa ashar, kuma labarin samartakarsa rabinsa a mashaya aka yi shi. Ni kuwa ga Hafsa tana wucewa ta bayana tana leƙe. Sai na fara share masa hanya. Ashar in tsallake, giya in rubuta shayi. Na yi haka har shafi ɗari da wani abu, na tura masa ya duba.

Washegari ya kira. Ya ce, "Hajiya, na karanta. Aiki ya yi kyau. Amma wannan yaron kirkin da kika rubuta, wane ne? Ina so in san shi."

Na ce, "Kai ne, Baba."

Ya ce, "A shafi na tamanin an ce mun sha shayi kofi tara-tara, mai ganga ya faɗa kogi, ni kuma na yi wa fitilar titi sallama na nemi aurenta. Wane irin shayi ne wannan? A ina ake sayar da shi?"

Na tuna Madam Laraba, na ji kamar tana tsaye tana zare takardar. Na ba shi haƙuri. Muka yi sulhu: giya ta koma giya, ashar kuma in sa harafin farko in ja layi. Wani shafin in kun gani kamar an yi shinge.

Gyaran nan ya sa dole na koma na sake sauraron komai daga farko, kuma a nan ne kunnena ya kama abin da ya wuce ni. A saƙo na ashirin da biyu suna garinsu, ƙungiya ta yi suna, Stanley ne gaba, shi ke kaɗa wurare masu wuya, Norman yana raka shi. Wani mutum ya zo daga London ya ji wasansu, ya karɓi adireshi. A saƙo na ashirin da uku Norman yana London, yana kwana a ƙasa a ɗakin wani, ya shiga wata babbar ƙungiya, har an fara sa su a rediyo. Stanley fa? Daga nan sunansa bai sake fitowa ba ko sau ɗaya. Na koma ƙarshen na ashirin da biyu na ƙara murya. Ya ce, "Wasiƙar ta zo ranar Talata." Ya ja numfashi. Sai ƙit, ya kashe.

Wannan shi ne abin da ba a koyarwa a wata huɗu. Mai buga magana yana jin abin da aka faɗa, yana kuma jin ramin da aka tsallake. Na sa alamar tambaya, na kira shi.

Na ce, "Baba, ni na mayar da giyar da na cire. Saura kai ka mayar da abin da ka cire."

Ya ce, "Me na cire?"

Na ce, "Wasiƙar ranar Talata. Da Stanley."

Na ji fankar ɗakinsa tana juyawa. Can ya ce, "An ce mini ke mai buga rubutu ce."

Na ce, "Ita ce. Shi ya sa na ga shafi ya ɓata."

Ya kashe waya. Kwana uku ba saƙo. Dakta ya ce, "Kin ga irinta ko? Kwastoma ɗaya tal a duk garin nan, kin je kin yi masa tambayar kabari." Na kira Mista Raju, ya ce lafiyarsa ƙalau, ana ajiye masa abinci a ƙofa yana ɗauka, sai dai an daina jin jita.

A rana ta huɗu saƙo ya shigo, minti shida kacal. Ga abin da ke ciki. Wasiƙar daga mutumin London take. Sunan gidansu kawai aka rubuta a bayanta. Norman ya tsince ta a bakin ƙofa da safe zai tafi gidan burodin da yake aiki. A ciki an ce ana neman dogon nan mai jan jita ya zo gwaji ranar Juma'a. Dogon Stanley ne, jan jita tasa ce. Norman ya sa wasiƙar a aljihu. Ranar Juma'a da asuba ya ɗauki jan jitar, ya zura wasu takalma masu tudun dunduniya da ya gani a bakin ƙofa don ya ƙara tsawo, ya hau jirgin ƙasa. Mutumin London bai tuna fuska ba. Ya saurare shi ya ce, "Ran nan ka fi haka, amma za ka yi." Shi ke nan. Stanley ya zauna a garinsu, ya shiga masana'anta, ya yi aure, ya tsufa. Duk shekara suna aika wa juna katin gaisuwa, ba wanda ya taɓa tayar da maganar. Yanzu Stanley yana gidan kula da tsofaffi, kuma an sanar da Norman cutar korona ta shiga gidan, ta ɗauki mutum biyu a ɓangarensu.

A ƙarshe ya ce, "Ki buga, Hajiya. Kada ki gyara komai."

Minti shidan nan wuni guda suka ci mini, don murya ƙasa-ƙasa ya yi. Da na gama na ce masa gidan waya a wannan lokaci sai ya yi wata biyu, ya nemo mini imel na ma'aikaciyar da ke kula da yayansa. Na tsara shafukan da manyan haruffa, na buɗe tsakanin layi saboda idon tsoho, na haɗa tun daga tattabara har zuwa wasiƙar, na tura.

Kwana tara muna jira. Kullum da hantsi sai ya kira ni wai yana da tambaya kan waƙafi. "Hajiya, a shafi na sittin, waƙafin nan yana wurinsa kuwa?" In ce yana wurinsa. Ya ce to. Bai taɓa tambayar abin da ya kira dominsa ba, ni ma ban taɓa ce masa ba labari ba.

Ran na goma ma'aikaciyar ta turo masa saƙon murya daga Stanley. Sai ga shi ya turo mini. Shekarun da ya yi a gaban lasifika sun cinye masa kunne, ga Stanley ba haƙora, ya saurara sau biyar bai gane komai ba sai sunansa. Ya ce in buga masa. Haka aka yi na riga shi jin amsar da ya yi sama da shekara hamsin yana tsoro.

Na taka feda. Minti biyu ne, na yi awa ɗaya da rabi a kai. Da na gama na kira shi na ce, "Baba, zauna. Zan karanta maka yadda ya faɗa."

Na karanta da ƙarfi: "Norman, sakarai. Ni na fara ganin wasiƙar nan. Na buɗe ta a kan tururin buta, na karanta, na liƙe, na ajiye ta inda za ka taka. Me zan je yi a London? Ga budurwata Doris a layinmu wani mai gyaran famfo yana zagayarta, ga ƙwallo ranar Asabar. Kai ne ba ka da abin yi. Takalman da ka sa, wa kake tsammani ya ajiye su a bakin ƙofa, har da takarda a cusa a ciki don su yi maka daidai? Na zaci ka gane tun a jirgi. Abu ɗaya ne ban yafe ba, ba ka dawo mini da jitata ba. Kuma cutar ta kama ni ta sake ni, ta ga ba nama."

Na ce, "Baba, kana ji?"

Sai ya ɓarke. "Shekara hamsin! Shekara hamsin ina kwana da abin nan a ƙirji! Na ƙi zuwa bikin 'yarsa saboda kunya! Ashe tsohon banzan nan yana can yana..." Sai muryar ta karye. Na ji ya ajiye wayar a kan wani abu, ya yi nisa. Na riƙe tawa ban kashe ba. Bayan kamar minti biyar ya dawo, ya share hanci ya ce, "Hajiya, har da takarda a ciki ya ce?" Na ce har da ita. Ya ce, "Wallahi akwai takarda."

Ranar Lahadi ma'aikaciyar ta haɗa su ta bidiyo. Mista Raju ya ce tun daga shagonsa yana jin su, kurma da mara haƙora, kowa yana ihu ba mai jin wani, awa guda cur. Jan jitar kuwa ashe tana nan a ƙarƙashin gadon Baba Norman, ya ɗaga ta ya nuna masa, Stanley ya ce ya lalata ta.

Na ɗauka aiki ya ƙare. Bayan sati biyu sai ga kiransa. Ya ce, "Hajiya, akwai matsala. An karanta wa Stanley littafin duka. Ya ce babi na uku ƙarya ne, na biyar ma haka, na bakwai kuma shi abin ya faru da shi ba ni ba. Ya ce shi ma zai yi nasa, a haɗa a littafi ɗaya. Na ce masa ina da mai buga rubutu, amma tana da yawan tambaya."

Na ce ya turo.

Saƙon farko na Stanley minti arba'in ne. Ga talabijin a kunne a bayansa, ga wata tsohuwa tana kiran ma'aikaciya, shi kuma ya riƙe wayar a kife. Na zauna tun bayan karin kumallo, ina takawa ina ɗagawa, Dakta ya kawo mini shayi ya huce, ya sake kawo wani. Sai da aka kira azahar na samu jimlar farko cikakkiya. Na buga ta, na karanta, na tura wa Baba Norman ita kaɗai ba tare da alamar tambaya ba:

"Ƙanena bai taɓa iya jita ba, amma ku karanta littafinsa, yaron kirki ne."